Motar Gandu da Yashin Fadama

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna ba baƙi labarin tsohuwar a-kori-kurar da ke ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gida. Kowa da yadda yake faɗa. Wani ya ce ni kaɗai na kwance ta na ɗaure. Wani ya ce baffanku Haruna bai sa hannu ba har aka gama, don ba ya son aikin. Duka biyun ba haka ba ne. Tun da ƙarfina ya fara ja baya na ga ya kamata in zauna in rubuta abin yadda ya faru, daga farkonsa har ƙarshensa, don ku daina ɗauko shi ta tsakiya. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na san abin da ya zo gaba da abin da ya biyo baya, kuma a wurina wannan ya isa.

Abu na farko da za ku sani shi ne gonar. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fadama a bakin gulbi, can gefen garinmu tsakanin Wurno da Goronyo. Ni ne babba, Haruna ke bi mini, kuma ba mu raba gado ba, gandu muka ci gaba da yi kamar yadda muka tarar. Gonar tudu tana ba mu gero da dawa na ci. Fadamar kuwa albasa muke sawa, kuma da albasar ake sutura, ake aure, ake suna, ake magani. Motar mun saye ta hannu na biyu saboda wannan albasar. Irin mai ja da ƙafafun baya kaɗai ce, na gaba ba su da aiki sai bin sitiyari. Shekaru ta yi tana shiga har bakin gona tana fitowa da lodi, domin a lokacin hanyar laka ce, da zarar ta bushe sai ta yi tauri kamar daɓe.

Abu na biyu shi ne yashin. Wata damina gulbi ya cika ya malala ta inda bai saba bi ba. Da ruwa ya janye sai ya bar mana shimfiɗar yashi mai faɗi tsakanin hanya da gona, fari, mai laushi, wanda ko mutum ya taka sai ya nutse har idon sawu. Mun yi dashe, mun yi ban ruwa, albasa ta yi kyau. Ranar da muka zo kwasa, motar ta shiga yashin ba kaya a kanta, ba ta yi nisa ba ta zauna a kan cikinta. Muka tona, muka sa katako, muka shimfiɗa zana da rassan itace. Ta fito ta matsa kaɗan ta sake zama. Muka koma ga amalanke, amma da an ɗora kaya sai shanun su durƙusa a tsakiyar yashin suna haki. Jakunan haya kuwa kowa lokacin yake neman su, kuma masu su sun fi zuwa inda suka saba. Albasa ba ta jiran mutum. Ta zauna a rana, ta yi gumi, ta fara ruɓewa daga ƙasan tsibi. Abin da muka fitar bai kai abin da muka bar wa ƙuda ba. Har yau idan na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, wannan shekarar nake tunawa.

Bayan haka ne maƙwabcinmu na fadama, Alhaji Maidabo, wanda yake da garken jakuna nasa na kansa, ya aiko cewa in muna so zai sayi gonar. Ba mugun mutum ba ne, kuma bai yi tayin wulaƙanci ba. Haruna ya karkata ga sayarwa. Muka je ɗakin Inna, kakarku, bayan la'asar. Ku tuna Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari. Idan za ta yi mini magana sai ta dubi gefe ta ce "kai", ko ta faɗa wa Haruna alhali ina zaune.

Haruna ya ce, "Inna, ni ban ga amfanin gonad da za ka noma ka bar ma tsutsa ba. Alhaji Maidabo ya yi magana, kuma maganatai ba ta banza ba ta. Mu sayar, mu ƙara ta tudu, kowa shi huta."

Inna tana jan carbi ta ce:

"Ubanku da hannunai yas share wurin nan, lokacin babu komi ciki sai ƙaya. Amma ni ba ni noma, ba ni hana masu noma. Ku ba ta shekara guda. In albasab baɗi ta hito, a bar magana. In ba ta hito ba, ku yi yadda kunka ga dama, ba ku jin bakina."

Daga nan ta dubi bango ta ce, "Kai, ka ji ko?"

Na ce na ji.

To, kun ga abin da ke gabana. Shekara guda, yashi na nan inda yake, mota kuma tana nan yadda take. Na sha ganin motocin masu haƙa rijiya suna ratsa yashin da ya fi namu, ƙafafunsu huɗu duk suna ja, da ƙaramin sandan giya na biyu da direbobi ke kira giyar taimako. Sayen irinsu ya fi ƙarfinmu. Sai na tafi Wurno wurin Isuhu bakanike, ɗan gwaggona, wato taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa yi mini magana ba tare da tsiya ba. Na same shi rabinsa a ƙarƙashin wata mota, na faɗa masa ina so a mayar da tamu mai ja da ƙafa huɗu.

Ya leƙo ya ce, "Kai bawana, warin albasa ya taɓa maka kai. Mota riga ta, da za a ƙara mata hannu?"

Na ce, "Ban tambaye ka lahiyak kaina ba. Ana yi ko ba a yi?"

Ya fito ya share hannu. "Ana yi, in an samu gawa irin tata. Mota iri ɗaya, mai ja da ƙahwa huɗu, wadda tam mutu ta sama amma ƙasanta na da rai. Sai a ɗauke kan taka da injinta a aza bisa. Amma ni ba ni da wurin aje ta wata da watanni."

Na ce, "Ƙohwag gidana akwai inuwa. Kai dai ka zo."

Gawar a Gandi muka same ta, kafin saukar damina. Ta kife da lodin hatsi, kanta ya murƙushe, an riga an sayar da injin. Amma shasin, wato ƙarfen da dukan mota ke zaune a kai, lafiyarsa lau, haka giyabos da aksul na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi yana juya su. Aksul na baya ne kawai ya lanƙwashe. Mai ita makiyayi ne da ya gwada harkar mota ya ji ba daɗi, kuma ya ce shi ba kuɗi yake so ba, yana son ya koma ga abin da ya sani. Shanun huɗarmu biyu ya nema. A nan nake so ku natsu, domin wannan ita ce shawarar da ta fi kowace nauyi. Shanun na gandu ne, ba nawa ba ne ni kaɗai. Na dawo gida na faɗa wa Haruna kafin in amsa wa mutumin. Ya saurare ni har na gama, ya dubi turken shanun, ya ce:

"Kai ab babba, Yaya."

Ya juya ya bar wurin. Na kora shanun zuwa Gandi da kaina.

Daminar nan da galma muka yi huɗa. Shanun aro ba sa zuwa sai masu su sun gama, don haka geronmu ya makara, kuma rabin gonar hannu ne ya yi ta. Ni ina fita jigila da mota wasu ranaku, Haruna kuwa kullum yana duƙe. Na ga tafin hannunsa ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Kwano ɗaya muke ci a zaure tun rasuwar mahaifinmu, kuma bai daina zuwa ba, sai dai ya daina hira. Ya wanke hannu, ya ci, ya yi hamdala, ya tashi. Wanda ya ce muku mun yi faɗa bai san gidan nan ba. Ba mu yi faɗa ba. Shiru muka yi, kuma shirun ya fi faɗa wuya.

Ban taɓa motar ba sai da aka gama kaka, aka kai hatsi rumbu, aka yi dashen albasa. Sannan na tsara aikin, kuma ga yadda na tsara shi. Da fari na kewaye gindin dogonyaro da zana, na shimfiɗa tsofaffin tabarmi. Duk abin da aka kwance sai a ajiye shi a jere daga dama zuwa hagu, yadda in an zo mayarwa za a bi daga hagu zuwa dama. Notika da kusoshin kowane wuri suna da mazubinsu. Na kafa doka cewa ba mai ɗaga komai daga inda yake, ko da Isuhu ne. Gwangwanaye suka ƙare, na shiga gida na kwaso ƙore. Mahaifiyarku ta biyo ni har zaure.

"Malam, wagga ƙwaryad damun hura ta."

Na ce, "Yanzu ta notikan giyabos ta."

"To yau sai ka sha notika."

Sai da na saya mata sababbi ranar kasuwa. Na biyu, muka ɗaura sarƙa a babban reshe muka zare injin, muka aza shi a kan turmi biyu da aka kife. Na uku shi ne ɗauke kan motar da bodin baya daga tsohon shasi zuwa sabo, kuma wannan ba aikin mutum biyu ba ne. Ba mu da injin ɗaga kaya, amma muna da mutane. Sai na kira gayya, kamar yadda ake kira in za a ɗora jinka ko a yi noman surukai. Aka dama fura, aka tuƙa tuwo, na sayo goro. Da hantsi maza suka cika ƙofar gida. Liman ya yi addu'a, aka zura azara ta ƙarƙashin kan motar, aka jeru gefe da gefe. Isuhu ya hau kan turmi yana ba da umarni kamar sarkin yaƙi, aka yi kabbara aka ɗaga, aka taka a hankali aka sauke shi daidai ramukansa. Haruna yana cikin waɗanda suka ɗauki gefen da ya fi nauyi. Ku rubuta wannan a ranku.

Cikin waɗanda suka zo akwai Baba Tunau maƙeri. Ya tsufa ba ya iya ɗaukar kaya, amma gayyar gidanmu ba ta wuce shi. Tsakanin gidanmu da maƙerarsu akwai abin da aka gada tun kakanni: duk ƙarfen da ya mutu a gidanmu, maƙerarsu yake zuwa, ba a sayar wa 'yan gwangwan. Su kuma in damina ta kusa, kalmenmu da galmarmu ake fara ƙerawa kafin na kowa. Da aka ci aka sha, Inna ta fito bakin zaure ta gaisa da shi, ta ga lanƙwasasshen aksul ɗin nan yashe a gefe, ta tambayi Haruna ko yana da amfani. Isuhu ya riga shi amsawa ya ce ba ya da shi, tunda namu na baya lafiyayye ne, shi za mu sa. Sai Inna ta ce:

"Baba Tunau, ga naka nan. A kai mashi."

Ya yi godiya, aka ɗora a baro aka kai masa. Ina tsaye aka yi, kuma na ji daɗi an rage mini tarkace.

Na huɗu shi ne haɗawa, kuma shi ya fi cin lokaci. Muka mayar da injin, muka haɗa shi da sabon giyabos. Muka ɗauko mai walda da janaretansa ya gyara mazaunin aksul ɗinmu na baya ya hau sabon shasi. Aka ɗaura farfela biyu, wato sandunan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ɗaya ta tafi gaba ɗaya ta tafi baya, aka ja bututun birki, aka huda ƙasan kan motar don sandan giyar taimako ya fito. Isuhu yana zuwa ne in ya samu sarari, sauran ranaku ni ne nake wankewa da kananzir, ina ɗaurewa, ina jira. Duk abin da na ajiye na same shi inda na ajiye shi, ba mu nemi ko noti ɗaya mun rasa ba. Wannan ina alfahari da shi har gobe.

Na biyar shi ne gwaji. Wanda ya zo gayya yana da haƙƙin ganin abin da ya ɗauka, don haka ba a ɓoye aka yi ba, gari ya fito. Ta tashi da bugu ɗaya. Na zagaya da ita fili da ƙafafun baya, lafiya lau, mutane suna sam barka. Sai Isuhu ya murɗa makullan da ke haɗa ƙafafun gaba da aksul, na ja sandan giyar taimako, na saki kuloci. Motar ta yi gurnani, ta yi tsalle, ta ƙara yin tsalle. Tayoyi suna kankarar ƙasa, sitiyari ya ƙage, ƙarfe yana kuka a ƙarƙashina. Na ce wataƙila ƙasa ce ta yi tauri, muka nufi bakin yashi. Can kuma ƙafafun baya suka riƙa tono suna binne kansu, na gaba suna jan jiki kamar an tilasta musu. Ta zauna a kan cikinta, daidai inda ta zauna bara. Mutanen da suka ɗaga ta da kabbara su ne suka turo ta gida da dariya. Wani ya ce a kai ta gidan biki tunda ta iya rawa. Isuhu kuwa, a karo na farko a rayuwarsa, ya tafi gida ba tare da ya yi mini tsiya ba.

Washegari na ce ba za a kwance komai ba sai an gane ciwon. Muka ɗaga motar duka a kan duwatsu, ƙafafu huɗu suna lilo. Na kwaɓa toka na shafa wa kowace taya alama a samanta. Aka sa giyar taimako, Isuhu ya shiga ƙasa yana juya farfela da hannu a hankali, ni ina kallo. Alamar tayoyin baya ta zagayo ta dawo sama, ta gaba kuwa da sauranta. Isuhu ya fito ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Haƙoran ciki ba ɗaya ba na. Na baya na sauri, na gaba na nawa. Kowane na ja da ɗan'uwanai."

Na ce, "Mi am magani?"

"Tukunyah haƙoran da ke tsakiyar aksul, ita za a canza. A sa wadda anka yi tare da na gaba."

"Ina take?"

Ya dube ni, na dube shi. Tana cikin lanƙwasasshen aksul, a maƙerar Baba Tunau.

Isuhu ya tafi Sakkwato wurin masu tsofaffin kayan mota ya dawo hannu sake, ya ce akwai masu kama da ita amma ba zai rantse a kan ko ɗaya ba. A fadama kuwa albasa ta yi kai, ganye ya fara kwanciya. Ni dai na ce ba zan je in roƙi kyautar da aka yi a gaban jama'a ba, kuma har yau in aka sake ba zan je ba. Ba a yin haka. Balle kyautar ba tawa ba ce, ta Inna ce. Ita ma da magana ta kai kunnenta sai ta aiko mahaifiyarku ta faɗa mana:

"Inna ta ce abin da tab ba da hannunta, kada wanda yat tahi biɗatai da sunanta."

Mahaifiyarku ta ƙara da nata, murya ƙasa-ƙasa, cewa matar Baba Tunau ta faɗa mata a wurin suna ya riga ya yanke bututun aksul ɗin, kuma in kasuwa ta wuce zai sa haƙoran a wuta ya fitar da gatura. Duk ƙarfen da ya shiga wutar maƙera ya gama aikin mota. Na ji, na tashi na koma gindin dogonyaro ina goge abin da na riga na goge.

Da safe Haruna ya zo ya tsaya a bakin zana. Wata da watanni ke nan rabon da shi ya fara yi mini magana.

"Yaya, sifirin ɗin tsohon shasi, akwai abin da za ka yi da su?"

Na ce babu.

Ya ce, "To."

Ya kwance su, ya ɗora a baro, ya tura. Abin da ya faru a maƙera ban gani da idona ba, amma shi da Baba Tunau duk sun ba ni labari daga baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ku sani a wurin maƙeri babu ƙarfen da ya kai sifirin mota, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyinta, da shi ake kalme da lauje masu daɗewa. Haruna ya sauke su a ƙofar maƙera, ya yi sallama, ya gaida tsoho, ya zauna ya kama zuga-zugi yana hura masa wuta ba tare da an sa shi ba. Bai ambaci aksul ba. Baba Tunau ya ci gaba da dukan ƙarfensa, sai can ya ce:

"Haruna, yau kai ka zuga? Mi anka yi?"

"Gaisuwa niz zo, Baba, da ɗan ƙarhe."

"Ɗan ƙarhe. Bana gidanku kun zan masu kyauta." Ya juya abin da ke cikin wuta. "Na ji motarku ta koyi rawa."

"Ta koya, Baba."

"An ce kai tun hwarko ba ka son aikin."

"Har yanzu ban so shi ba. Amma shanu sun tahi, damina ta ci hannuna. In motag ga ta tsaya nan, wahalab banza niy yi, kuma Inna na zaune za a sa hannu a takardag gona."

Tsohon ya ajiye masaba. Sannan ya ce:

"Abin da tsohuwarku tab ba ni ba shi komawa hannunta, ka sani, na sani. Amma ya zan nawa, kuma nawa ina ba wanda nis so. Ga ta can bayan randa, ban taɓa ta ba. Na ba ka, kai Haruna. Ba yayanka ba, shi da ko gaisuwa bai iya zuwa. In ya tanka, ka ce shi zo shi iske ni."

Haka Haruna ya turo baro ya dawo da tukunyar haƙoran nan. Ya ɗauke ta ya dire a tsakiyar tabarmata, ba a dama ba, ba a hagu ba, a inda bai kamata a ajiye komai ba. Na bar ta a wurin.

Ya ce, "Wagga tawa ta. Aro nib ba mota."

Na ce, "An gode."

Ranar a zaure ya yi hira har tuwo ya huce. Da yamma kuma na sa riga na je na gaida Baba Tunau, na sha zagi na dawo.

Allah ya sa mazaunin tukunyar iri ɗaya ne. Isuhu ya zare tamu, ya wanke ta Haruna, ya yanka kwali ya yi mata abin toshe tsiyaya, ya ɗaure, ya zuba mai. Bakinsa kuma ya dawo, ya ce da na bar shi ya yi tunani tun farko maimakon in dame shi da jeren ƙore, da ba a yi haka ba. Na sake shafa toka, ya sake juya farfela. Alamu huɗu suka tafi tare suka dawo tare. Wannan karon ban kira kowa kallo ba.

Kada ku ɗauka an samu komai kyauta. Motar ta ƙara shan mai, ta rage gudu a kan kwalta, kuma tun daga lokacin tana wani gunji da ba ta rabu da shi ba. Mun yi damina fiye da ɗaya muna huɗa da hannu kafin mu sake ɗaure shanu a turke. Bayan Haruna bai koma yadda yake ba. Duk wannan na sani, kuma na auna shi sau da yawa a raina. Da na auna sai in ga ban yi da-na-sani ba, shi ma na tambaye shi ya ce bai yi ba.

Ranar kwasa muka fita bayan asuba da 'yan aiki. A bakin yashi na tsaya, na rage wa tayoyi iska, na murɗa makullan gaba, na zagayo zan shiga sai na tarar Haruna ya zauna a mazaunin direba. Ya ce mai haƙora shi ke tauna. Na zagaya ɗaya gefen. Shiga ba kaya ba ta ba ni tsoro ba, fitowa nake jira. Aka cika buhuna, aka ɗora har suka wuce kan mota, aka ɗaure da igiya. Haruna ya yi bisimilla, ya ja sandan giyar taimako, ya saki kuloci a hankali. Ta nutsa kaɗan. Sai gaba ya kama, baya ya tura, ta fara tafiya, ba sauri, ba tsayawa, kamar raƙumi da kaya. Muka wuce inda ta zauna bara, muka wuce guntayen zanar da muka binne a wurin. Haka ta yi ta ja har tayoyin gaba suka hau ƙasa mai tauri. Sannan Haruna ya saki numfashi ya ce, "Yaya, sakam mini gwiwa." Ashe tun daga bakin gona nake riƙe da ita.

Ba mu wuce kasuwa ba, gida muka fara zuwa. Inna ta fito bakin zaure da sandarta. Haruna ya kwance bakin buhu ɗaya ya miƙa mata albasa. Ta juya ta a hannu, ta danna wuyanta da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Busasshiya ce, mai tauri, ɓawonta yana ƙara.

Ta ce, "Haruna, ka tahi wurin Alhaji Maidabo da kanka, kada ka aika. Ka gaishe shi, ka ce mun gode. Ka ce gona na da masu ita."

"To, Inna."

Sai ta dubi gefe, wajen bango, ta ce, "Kai kuma mi kat tsaya yi? Saura na can cikin rana."

Muka sauke lodin, muka juya mota, muka koma ɗauko sauran.